A Maido Inna Kulu Zaman Laraba

Zuwa ga Shugaban ayarin malaman jami'a masu binciken lafiyar ƙwaƙwalwa da walwalar jama'a a Jega, Aliero da Maiyama.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi maka barka da aiki, kai da malaman da ke ƙarƙashinka maza da mata. Ya gajiya, ya iyali, ya kuma haƙuri da hanyoyinmu? Wagga gaisuwa ta ƙarshe da gaske nake yin ta, don ranar da motarku ta kafe a hanyar Fagada ina cikin waɗanda suka tura, kuma ni ne wanda ya ce wa direbanku ya sauko ya ba mota haƙuri.

Sunana Murtala, gidanmu na Jega Firchin, kabu-kabu nake yi da mashin. Mafi yawa 'yan albasa nake goyawa tsakanin Jega da Aliero, wani lokaci in miƙa har Maiyama. Allo na yi, ban shiga boko ba, wanga rubutu a waya na koye shi, in ka ga wani harafi ya karkace sai ka miƙe shi da kanka. In ka tambaya a tasha za a gaya maka ba ni da aiki sai tsokana, kuma ba ƙarya za a yi mani ba. Amma yau ƙara na kawo, kuma ko ta ba ka dariya ba wasa ba ce.

Maganar ta kakata ce, Inna Kulu, wadda ta haifi mahaifina. An dakatar da ita daga zaman tsofaffin mata da kuke yi kowace Laraba a ajin makarantar unguwarmu, bisa zaton ta fara ruɗewar tsufa. Ba ta ruɗe ba. Kafin in rubuta sai da na nemi izininta, don sirrinta ne ba nawa ba. Ta ce in rubuta, amma da sharaɗin in faɗa wa duniya cewa daga nan har Maiyama babu daddawar da ta kai tata. To ga shi na faɗa, na sauke.

Na farko, godiya, don yabon gwani ya zama dole.

Inna Kulu ta yi shekaru tana sayar da daddawa a kasuwar Jega, gefe ɗaya da aminiyarta Inna Jummai mai kuka da kuɓewa. Tun suna 'yan mata suke tare. In ɗaya ta fara labari ɗayar ke ƙarasa shi, in suka yi faɗa da safe kafin azahar za ka iske su suna cin goro ɗaya. Allah Ya yi wa Inna Jummai rasuwa, daidai lokacin da gwiwa ta hana Inna Kulu zuwa kasuwa. Sai ta zauna a ɗaki. Da farko muka ce zaman makoki ne. Aka watse, ba ta fito ba. Tuwo ya riƙa komawa madafa kamar yadda aka kai shi. Matar da in ta buɗe baki a tsakar gida har maƙwabta ke jingina da katanga su saurara, ta koma in ka gaishe ta sai ta ɗaga hannu kawai.

Kowa ya kawo nashi. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce iska ce. Aka yi rubutu aka ba ta, aka yi addu'a, kuma muna kan yi. Ni ma na kawo abin da na iya. Na ɓoye sandarta a kan rumbu, ba ta nema ba. Na bi unguwa ina shelar Inna Kulu ta sayi mashin za ta fara kabu-kabu, mutane suka riƙa shigowa yi mata murna, ta dube su kawai. Wata rana na ɗaura zanenta da ɗankwalinta, na ɗauki ƙwaryar daddawa na zauna ƙofar gida ina tallan da muryarta. Har liman da zai wuce sai da ya dafa bango don dariya. Na leƙa ɗaki in ga ko ta ji, na iske ta juya fuska wajen bango. Ranka ya daɗe, ranar nan na cire zanen a soro, ban ci abinci ba.

Ana cikin haka malamanku suka shigo unguwa suna bi gida gida. Wadda ta shigo namu ita ce Malama Rahila, 'yar ƙasar Zuru, Allah Ya yi mata albarka. Ta zauna bakin tabarma, ba ta yi gaggawa ba. Ita ta fara gaya mana cewa akwai ciwon da ake kira ciwon damuwa, yana kama babba da yaro, ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne, kuma ana samun sauƙi. Ta ce suna haɗa tsofaffin mata ranar Laraba bayan la'asar, su yi hira, ma'aikaciyar jinya ta duba su, su kuma malamai su ga ko zaman yana taimakawa. Mahaifina ya ce a gwada. Ni aka ɗora wa kai ta da ɗauko ta, tunda ni ke da mashin.

Ban san abin da suke yi a cikin ajin nan ba, don ba a barin maza, kuma da na leƙa ta taga wata tsohuwa ta jefe ni da ɓawon gyaɗa. Abin da na sani, suna ɓarar gyaɗa, suna kaɗi, suna waƙoƙin daka na zamaninsu, wani lokaci in ji kuka, jim kaɗan in ji shewa. Zuwan farko Inna ta hau mashin kamar buhu ta sauka kamar buhu. Haka na biyu. Can wata Laraba muna dawowa, na shiga wani rami kusa da mahauta, sai na ji an mintsine ni a haƙarƙari. Ta ce, "Kai maigida, a hankali, tuƙin wa ka koya, na jaki?" Na taka burki a tsakiyar hanya har mai keke napep na bayana ya zage ni. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Daga nan ta dawo mana kaɗan kaɗan. Ta fara cin tuwo tana kushe miya, wanda a gidanmu shi ne alamar lafiya. Ta sa aka sayo mata kalwa ta dafa daddawa, unguwa ta ɗauki wari, muka yi ta hamdala muna toshe hanci. Abin da wasana ya kasa, zamanku ya yi. Wannan ko a gaban alƙali zan faɗa.

Na biyu, yadda aka yi kuskuren.

Ka ji ta kira ni maigida. Ka san wasan jika da kaka, ba sai na koya maka ba: ita matata ce, ni mijinta, kullum ina cikin laifin rashin cefane, kullum tana shirin yin yaji. Amma namu yana da wata doka da ba kowane gida ba. Tun ina rarrafe, ni da ita ba mu taɓa sakin wasan ba in muna wuri ɗaya. Duk wanda ya fara cewa "jikana ne" ko "kakata ce" a gaban ɗan'uwansa, an ci shi, kuma cin har abada ne. Ta riƙe wagga doka a gaban malamin allonmu ranar da aka kai ni. Ta riƙe ta a asibiti ranar da na faɗi da mashin, wani ma'aikaci ya tambaye ta wa take nema, ta ce wani malalacin miji da aka kawo da karyayyen hannu. Watannin da ta yi shiru ne kawai wasan ya tsaya, kuma ko a lokacin ba ta saki ba, shiru ta yi.

To wajen lokacin cirar albasa, Malama Rahila ta zo gida da wasu tambayoyi na gwada tunani, ta ce kowace tsohuwa a zaman ana yi mata. Ƙa'idarku ta ce sai da wani ɗan gida a zaune a wurin. Mahaifina yana gona, matan gida sun tafi suna, ni na dawo cin abinci. Aka ce in zauna. Ranka ya daɗe, nan aka haɗa wuta da auduga.

Tambayoyin farko sun tafi lafiya. Ta faɗi watan da muke ciki, ta faɗi sunan unguwa, aka lissafa mata wasu abubuwa aka ce ta riƙe, ta maido su daidai. Sai aka nuna ni aka ce wane ne wannan. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce mijinta ne, ba don ta so ba. Malama ta yi dariya ta ce, Inna, yanzu na gaskiya ake so. Ta ce ai gaskiyar ke nan mai ɗaci. Aka ce ina maigidanki yake yanzu. Kakana ya rasu tun kafin a yaye ni, Allah Ya jiƙan shi, kuma Inna ba ta taɓa fashin yi mashi addu'a ba. Amma ina zaune ina yi mata murmushin mugunta, sai ta nuna ni da baki ta ce ga shi nan yana cin tuwon da bai kawo hatsinsa ba. Aka ce wa ke kula da ke a gida. Ta ce in dai wanga miji ne, to Allah ke kula da ita.

Malama Rahila ta san wasan sarai, ta ce su ma a garinsu ana yi. Dariya ta ci ƙarfinta har wayar da take danna amsoshin ta kusa faɗuwa. Ta roƙi Inna, ta sake roƙo. Daga ƙarshe ta juyo wajena ta ce to kai faɗi, mene ne tsakaninka da ita. Na dubi Inna, ta ɗaga mani gira ɗaya. Matar da na yi watanni ina neman ta ɗaga mani girar nan. Na ce ni mijinta ne, kuma auren ya ishe ni.

Malama ta ce dokar aikinta ita ce ta sa abin da mutum ya faɗa da bakinsa, ba abin da ita ta fahimta ba, amma za ta ƙara bayani a ƙasa. Ban zarge ta ba, kuma ina roƙon kada a zarge ta. Sai dai ga dukkan alamu amsoshin sun iso ofishinku, dariyar ba ta iso ba. Wanda ya zauna can ya karanta, abin da ya gani shi ne wata tsohuwa da ba ta san mijinta ya rasu ba, tana ɗaukar jikanta a madadinsa, jikan kuma yana biye mata don tausayi. Ni kaina in aka karanta mani haka a kan kakar wani, zan ce Allah Ya sawwaƙe.

Ba a daɗe ba ma'aikaciyar jinya ta zo da saƙo cewa Inna ta dakata da zuwa zaman sai likita ya duba ta, don masu ruɗewa wata kulawa ce tasu daban. Ban ƙi wagga ƙa'ida ba, an yi ta ne don alheri. Amma an cire albasa, an kai ta rumfa, an sayar, ga shi har an yi shuka, likita bai zo ba. Duk ranar da na tambaya sai a ce yana tafe.

Na uku, gargaɗi, kafin a gyara a ɓata.

Na ji ana cewa in za a sake tambayoyin, mahaifina za a zaunar a madadina, tunda shi babba ne mai hankali. Ranka ya daɗe, don Allah kada a yi. Shi ne ɗanta na fari. Inna Kulu ba ta taɓa kiran sunansa ba tunda ta haife shi, ko kallonsa ba ta cika yi a gaban mutane ba. In kuka nuna shi kuka ce wane ne wannan, za ta sunkuyar da kai ta ce wani ne nan gidan. In kuka ce ɗanki ne, za ta ce ɗan mutane ne. Kun ga sai a rubuta cewa ciwo ya yi gaba, da miji kawai ta manta, yanzu har ɗa. Kada kuma a zaunar da mahaifiyata, don a gaban suruka ko tari sai Inna ta auna shi. Wadda za a kira ita ce autarta, Gwaggo Asabe, da ke aure a Maiyama. A gabanta babu wasa babu kunya, sai faɗa, kuma cikin faɗa gaskiya ke fita. Ni zan ɗauko ta in maida ta, ba sai an roƙe ni ba.

Kuma ba don Inna kaɗai na kawo wanga zance ba. Masu hawa bayana suna hira, ni kuma kunnena ba ya hutu. Na ji yadda zamanku na Aliero da na Maiyama ke tashe, har wani ɗan albasa ya ce tunda uwarsa ta fara zuwa ta daina kiran shi a waya tana kuka, yanzu kiran shi take yi ta ba shi labarin mutane. Tsofaffin can ma suna da jikoki, suna da 'ya'yan fari, akwai kuma waɗanda ko da wuƙa ba za su faɗi sunan miji ba. In za a tambayi tsohuwa wane ne wannan, a fara duba wa aka zaunar kusa da ita.

Na huɗu, halin da ake ciki.

Ba zan yi maka ƙarya in ce ta koma yadda take a da ba. Tana cin abinci, tana zagina yadda ya kamata. Ƙawayenta na zaman ma ba su yar da ita ba. Larabar da ta wuce suna tashi suka biyo gidanmu su da sandunansu, suka cika tsakar gida, suka maida mata duk abin da aka yi, har da wadda ta yi gyangyaɗi ta faɗa cikin tiren gyaɗa. Inna ta yi dariya har da hawaye. Amma da suka tafi ta daɗe zaune bakin ƙofa. Na zo wucewa na ce uwargida yau ba a tambayar cefane, ta ce in bar ta ta gaji. Ba ta ce maigida ba. Wani zai ce ƙaramin abu ne. Ni na san daga inda wancan shirun ya fara, kuma da irin wagga gajiya ya fara.

Abin da ya fi ci mata rai ba zaman gida ba ne. A unguwa an fara cewa masu bincike sun gano Inna Kulu ta taɓu. Wata mai sayen daddawa ta zo tana yi mata magana da ƙarfi a hankali kamar mai yi wa jariri. Inna ta ce mata kunnenta lafiya lau, bakin mai magana ne ke da ciwo. Mun yi dariya, amma na ga ya shige ta. Ku da kanku kuka koya mana kada a riƙa laƙaba wa mutum suna don yana da damuwa, kuma mun ɗauka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Don haka ga roƙona, Ranka ya daɗe.

A bar Inna Kulu ta koma zaman Laraba tun wagga Laraba mai zuwa, ba sai an jira likita ba. In ya zo ya duba ta, muna maraba, dama gwiwar ma na son dubawa.

A sake mata tambayoyin a gaban Gwaggo Asabe, ni kuma a kore ni daga unguwar gaba ɗaya har a gama.

A nemo bayanin da Malama Rahila ta ce ta ƙara, a karanta shi. In kuma za ka iya, ka sa wani daga cikinku ya faɗa a gaban matan zaman cewa kuskure aka yi, don abin da aka ji a bainar jama'a, a bainar jama'a ake wanke shi.

In kuma duk wannan bai wadatar ba, sai an ji daga bakin ɗan gida a gabanta, to na shirya. Ranar Laraba bayan la'asar zan goyo ta har ƙofar ajin. Zan tsaya a gaban Malama Rahila da ma'aikaciyar jinya da duk tsofaffin nan masu jifa da ɓawo, in dubi Inna Kulu ido cikin ido in ce wagga kakata ce, ita ta haifi ubana, ni jikanta ne. Na san abin da zai biyo baya. Za ta yi guɗa, za ta sa a yi mani waƙa, kuma har in tsufa duk yaron da aka haifa a Jega Firchin sai an ba shi labarin ranar da tsohuwa ta kayar da Murtala. A tasha ba zan ƙara ɗaga kai ba. Na yarda. Ku dai ku buɗe mata ƙofa ta shiga ta yi mani dariyar daga ciki.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya sa albarka a wanga bincike, Ya sa ya amfani na gari da na ƙauye. Allah Ya saka wa malamanka da alheri, Ya kiyaye ku a hanya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na jiki da na zuci. Allah Ya ba ka tsawon rai har ka ga jikokin da za su hana ka sakat.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Murtala ɗan kabu-kabu,
Jega Firchin.